Ido a Cinya, Mota na Gudu: Dokar Hana Rubuta Saƙo a Lokacin Tuƙi

Ranar Jumma'a, 12 ga watan Satumba na shekarar 2008, bayan la'asar, a wata unguwa da ake kira Chatsworth a gefen birnin Los Anjelis na ƙasar Amurka, wani jirgin ƙasa da ke ɗauke da ma'aikata masu komawa gida ya wuce jar fitilar da aka kunna masa domin ya tsaya, ya hau layi ɗaya da wani jirgin kaya da ke tahowa, suka yi taho-mu-gama, mutum 25 suka mutu, fiye da 100 suka jikkata. Da masu bincike suka tsananta neman musabbabin wannan musiba, suka duba birki suka tarar lafiya lau, suka duba fitila suka tarar tana aikinta, sai suka nemi kamfanin waya ya ba su lissafin saƙonnin matuƙin, wanda shi ma yana cikin mamatan, nan ne fa gaskiya ta bayyana, domin saƙonsa na ƙarshe ya fita daga wayarsa saura daƙiƙa 22 jiragen su haɗu. Ba a yi mako biyu ba gwamnan jihar Kalifoniya na wannan zamani, Arnold Schwarzenegger, ya rattaba hannu a kan dokar da ta haramta wa direban mota rubuta saƙo ko karanta shi yana tuƙi, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2009.

Kalifoniya ba ita ta fara ba. Jihar Niyu Yok ta hana riƙe waya a kunne ana tuƙi tun 2001, jihar Washinton kuwa ita ce ta fara keɓe rubutun saƙo da dokarsa ta musamman a 2007. Daga nan jihohi suka yi ta bin sahu ɗaya bayan ɗaya, Shugaba Obama ya hana ma'aikatan gwamnatin tarayya wannan ɗabi'a a cikin motocin hukuma a watan Oktoban 2009, aka hana direbobin manyan motoci da na bas a farkon 2010, har ya zamana a shekarar 2023, sa'ad da jihar Mizuri ta shigo, jiha ɗaya tak ta rage a cikin hamsin ba ta da irin wannan doka a kan dukkan direbobinta, watau Montana.

Hujjar da ta fi ratsa zukatan 'yan majalisu a wancan lokaci ta fito ne daga cibiyar nazarin sufuri ta jami'ar Virginia Tech a 2009. Malaman wannan cibiya ba su tsaya ga tambayar direbobi ba, saboda sun san ɗan Adam ba ya ba da shaida a kan kansa sai da rangwame. Abin da suka yi shi ne suka dasa kyamarori a cikin manyan motoci, suka bar direbobi suna ta harkarsu ta yau da kullum wata da watanni, sa'an nan suka zauna suka ƙididdige abin da idon kyamara ya gani. Sai suka tarar direban babbar mota da ke rubuta saƙo ya fi wanda ya mai da hankali ga hanya kusantar haɗari, ko abin da ya yi kusa da haɗari, ninki 23, kuma a cikin kowace daƙiƙa shida idonsa na barin kwalta kusan daƙiƙa biyar. Mai karatu ya yi wannan lissafi da kansa, don ba ya bukatar malami: motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, a daƙiƙa biyar ke nan ta ci kusan mita 140, ta wuce tsawon filin ƙwallo da rata mai yawa, alhali kuwa babu mai gani a bayan sitiyari. A cikin wannan tazara yaro na iya tsallakowa da faranti a ka, garken shanu na iya ɓullowa daga daji, tirelar da ke gaba na iya taka birki saboda rami, kuma duk wannan zai auku ya ƙare kafin mutumin ya ɗago kai.

Dalilin da ya sa rubutun saƙo ya fi sauran shagala muni a bayyane yake ga mai tunani, domin mai sauraron rediyo ya ba da kunnensa ne kawai, mai cin gyaɗa ya ba da hannu ɗaya, amma mai rubuta saƙo ya ba da idonsa da hannunsa da zuciyarsa gaba ɗaya, bai bar wa motar komai ba sai ƙafar da ke danne da totur. Kai, ko maganar baka ma ba ta kuɓuta ba. Farfesa David Strayer na jami'ar Yuta da abokan aikinsa sun nuna a 2006, ta hanyar gwaji a na'urar koyon tuƙi, cewa mai hira a waya, ko yana riƙe da ita ko ya maƙala abin ji a kunne, tuƙinsa na lalacewa kwatankwacin na wanda ya sha barasa daidai haddin da dokar Amurka ta hana. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, ta ce mai amfani da waya yana tuƙi ya fi waninsa kusantar haɗari kamar ninki huɗu. Magabata sun riga sun gama magana da suka ce ba a haɗa gudu da susar katara.

To, idan illar ta tabbata haka, kuma aka kafa doka, ai mai hankali zai zaci haɗurra za su ragu nan da nan. Abin da ya faru ya saɓa wa wannan zato, kuma a nan ne ya kamata mu daɗe, saboda a nan darasin yake.

A watan Satumban 2010 wata cibiya da kamfanonin inshora na Amurka ke ɗaukar nauyinta domin nazarin asarar da haɗurra ke jawowa ta ɗauki jihohi huɗu da suka kafa dokar, watau Kalifoniya da Luwiziyana da Minesota da Washinton, ta gwada yawan masu neman diyyar haɗari kafin doka da bayanta, ta kuma gwada su da maƙwabtansu da ba su kafa ba. Sakamakon ya girgiza masu rajin dokar, domin haɗurra ba su ragu ba ko a jiha ɗaya, bal ma a uku daga cikin huɗun sun ɗan ƙaru. Sakataren sufuri na lokacin, Ray LaHood, ya yi fatali da rahoton, aka yi ta jayayya a kan hanyar da aka bi wajen lissafin. Amma tawilin da masu binciken suka kawo ya zauna a zuciyar duk wanda ya san halin mutane. Suka ce mai yiwuwa direbobi ba su daina rubutun ba, ɓoye shi suka koma yi: wanda a da yake ɗaga wayar daidai sitiyari, yana rubutu yana satar kallon hanya da gefen ido, da ya ji ɗan sanda na iya hango shi sai ya sauke ta kan cinya, ya sunkuyar da kai, idonsa ya ƙara nisa da kwalta. Dokar da ta tsoratar da mutum gwargwadon da zai ɓuya, amma ba ta tsoratar da shi gwargwadon da zai bari ba, tana iya zama ta ƙara wa mafsadar da aka kafa ta domin kawarwa.

Akwai kuma wata kafa da masu tsara dokokin farko suka bari a buɗe, ita ce ƙuntata lafazi. Idan doka ta ce rubuta saƙo kaɗai ta hana, yaya ɗan sanda da ke tsaye a bakin hanya zai bambance mai rubuta saƙo da mai neman lamba, ko mai duba taswira, ko mai sauya waƙa? Kowa aka tsayar sai ya ce lamba yake dannawa, kuma babu mai ikon karɓar wayarsa ya bincika ba da iznin alƙali ba. Ingila ta ɗanɗana wannan da kanta. Tun ranar 1 ga Disamban 2003 ta hana riƙe waya ana tuƙi, amma lafazin dokar ya rataya ne ga sadarwa tsakanin mutum da waninsa, saboda a zamanin da aka rubuta ta galibin aikin waya kira ne da saƙo. Ana nan sai aka kama wani mutum a Landan yana tuƙi yana ɗaukar hoton bidiyo na wani haɗari da ya tarar a hanya, aka yanke masa hukunci, ya ɗaukaka ƙara, a 2019 babbar kotu ta wanke shi bisa hujjar cewa ɗaukar hoto ba sadarwa ba ce. Alƙalan ba su yi zalunci ba, zahirin nassin da ke gabansu suka bi. Aibin yana ga nassin da ya kama sunan aikin ya saki illarsa, alhali illar hukuncin ita ce gafalar direba, ko da me ta samu. Sai a ranar 25 ga Maris 2022 aka toshe wannan kafa, aka ce taɓa wayar da ke hannu domin kusan kowace irin bukata laifi ne, ko da kuwa mutum na tsaye a jar fitila ko a cunkoso.

Kafin wannan gyara Ingila ta riga ta ga abin da ya sa ta tsananta uƙuba. A watan Agustan 2016, a kan babbar hanyar A34, wani direban tirela, wanda bai fi sa'a guda ba da sa hannu a takardar alkawari ga kamfaninsa cewa ba zai taɓa waya yana tuƙi ba, ya afka wa jerin motocin da suka tsaya a gabansa, ya kashe wata mata da yara uku a cikin ƙaramar motarsu. Kyamarar da ke cikin tirelar ta ɗauki komai, an kuma nuna wa jama'a da yardar dangin mamatan: ga mutum zaune, waya a hannu, babban yatsa na ta jan jerin waƙoƙi, kai a sunkuye, motoci na ta matsowa a gilashin gabansa shi bai sani ba, sai a daƙiƙar ƙarshe ya ɗago, ya yar da wayar, ya damƙe sitiyari da hannu biyu, a lokacin da damƙar ba ta da sauran amfani. An ɗaure shi shekara goma. Daga 1 ga Maris 2017 aka ninka tarar zuwa fam 200 da maki shida a kan lasisi, wanda ma'anarsa ga sabon direba da bai cika shekara biyu ba ita ce kamu ɗaya ya raba shi da lasisinsa.

Amma tsananin uƙuba shi kaɗai bai taɓa hana laifin da mai yinsa ya tabbata ba za a gan shi ba. Abin da ke hana mutum shi ne yaƙinin kamu, ko da tarar ba ta da yawa. Wannan ne ya sa jihar New South Wales ta ƙasar Ostireliya ta ɗauki wata hanya dabam: ta kafa kyamarori a saman hanya masu leƙa cikin mota ta gilashin gaba, dare da rana, ana ruwa ko ana rana, kwamfuta ta tace hotunan ta ware waɗanda ake tuhuma, sa'an nan ma'aikaci ya duba da idonsa kafin a aika takardar tara. A lokacin gwaji, a 2019, an duba motoci miliyan 8.5 aka sami direbobi fiye da 100,000 da waya a hannu. Aka fara aiki da su sosai ranar 1 ga Disamban wannan shekara, aka yi wata uku ana aika wasiƙar gargaɗi kawai, daga Maris 2020 aka shiga cin tara. Cinya ta daina zama mafaka, domin kyamarar daga sama take kallo. Saudiyya ma ta ɗora wa tsarin kyamarorinta na Sahir aikin kama masu waya da marasa ɗamara tun 2018, kuma duk alhajin da ya shiga motar haya a Jidda ko Riyad a 'yan shekarun nan ya ga yadda direba ke kaffa-kaffa da wayarsa.

Wata hujja kuma ta zo ba da shirin kowa ba. A watan Oktoban 2011 hanyar saƙonnin wayar BlackBerry ta katse na kwana uku a ƙasashe da yawa, sai 'yan sandan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka ba da sanarwar cewa a cikin kwanakin nan haɗurra sun ragu da kashi 20 cikin ɗari a Dubai, da kashi 40 a Abu Dabi.

Mu dawo gida. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a Nijeriya a watan Fabrairun 1988 da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, ta girmi wayar salula a ƙasar da shekara goma sha uku, domin sai a 2001 wayar ta shigo hannun jama'a. Dokar hukumar ta 2007 da ƙa'idojin hanya na 2012 sun haramta amfani da waya ana tuƙi, kuma ta fuskar lafazi dokarmu ta fi ta jihohin Amurka na farko faɗi, tunda ba ta tsaya ga rubutun saƙo ba. Rauninmu yana wani wuri. Tarar da aka daɗe ana ci a kan wannan laifi naira 4,000 ce, kuɗin da tun bayan janye tallafin mai a 2023 ba ya sayen galan biyu na fetur. Kamun kuma ya dogara ga jami'in da ke tsaye a shingen da kowane direba ya san wurinsa, wanda abokan sana'a masu tahowa ke sanar da shi da walƙiyar fitila tun daga nesa, sai ya tura wayar ƙarƙashin cinya ya wuce, ya zaro ta bayan kwana. A 2017 hukumar ta ƙara da cewa za a riƙa tura masu irin wannan laifi asibiti a duba lafiyar hankalinsu, matakin da ya jawo surutu a lokacinsa, amma wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a yau ya san wayar ba ta bar hannun direba ba.

Lalle kuma a yi wa direbanmu adalci, domin sau da yawa ba hira ce ta sa shi riƙe wayar ba, sana'ar ce kanta ta koma cikinta. Ɗan kamasho na kira daga tasha yana tambayar inda aka kai, mai kaya na turo saƙon murya a WhatsApp yana son a sauke masa buhunansa a wani gari, mai mota na neman bayanin kuɗin jiya, fasinja kuma, tun daga ƙarancin takardun naira na farkon 2023, ya saba biya ta banki, sai ya ce daga kujerar baya, "Direba, na tura, duba ka gani." Direba ya zaro waya daga aljihun gaba, ya ɗora gwiwar hannu a sitiyari, ya shiga neman saƙon banki a cikin tarin saƙonni, mota cike da mutane tana gudu. Idan wani dattijo ya yi ƙarfin hali ya ce, "Malam direba, don Allah ajiye wayar nan sai mun tsaya," amsar da ya fi samu ita ce, "Haba Alhaji, na fi shekara ashirin a kan hanyar nan, ko ido rufe na san ta." Sauran fasinjoji kuwa galiban sai su yi shiru, wani ma ya ce a bar direba ya yi aikinsa, rai a hannun Allah yake. Wannan shiru shi ya fi damuna a cikin al'amarin duka, fiye da ƙarancin tara, domin mutum goma sha takwas ne suka sallama rayukansu ga gafalar mutum ɗaya saboda kunyar a ce sun cika tsoro.

Rai a hannun Allah yake, babu shakka, amma ba a taɓa kafa hujja da ƙaddara a kan sakaci ba a wurin malamanmu. Risalar Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda almajirai ke karantawa a zaurukan Kano da Katsina da Damagaram, ta ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mahayinta da mai jan ta da mai kora ta, tun fiye da shekara dubu da suka wuce. Idan mahayin jaƙi, wanda dabbarsa ke da ido da nata nufi, bai kuɓuta daga lamuni ba, ina ga mai tuƙa ƙarfen da ba ya motsi sai da umarninsa? Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na ƙasar Burunai a 1993, ta yanke cewa bin ƙa'idojin hanya wajibi ne a shari'a, saboda yana cikin ɗa'a ga shugaba a kan abin da ya tsara domin maslahar jama'a, kuma hukuncin jinaya na hawa kan direban da ya jawo ɓarna. Wanda ya kashe rai bisa kuskure diyya na biyo baya, da kaffarar azumin wata biyu a jere, ko da dangin mamaci sun ce sun yafe sun bar wa Allah, kamar yadda aka saba a ƙasarmu, yafewarsu ta sauke diyya ne, ba ta sauke kaffara ba. Mazhabarmu ta Malikiyya kuma ta shahara da ƙa'idar toshe kafar ɓarna, watau hana abin da asalinsa halal ne idan ya zama galiban yana kai wa ga haram; karanta saƙo halal ne a kan tabarma, amma a bayan sitiyari ƙofa ce zuwa zubar da jini. Ina ganin da limamanmu za su ba wannan mas'ala huɗuba guda a shekara, musamman gab da bukukuwan salla da ake cika hanya, da ta yi tasirin da allunan gefen titi ba su yi ba.

Abin da ya rage ga hukuma ba ya bukatar sabon ilmi, domin wasu sun riga sun biya kuɗin koyonsa da rayukan mutanensu. A ɗaga tarar ta kai inda za a ji ta, a rataya ta ga lasisi yadda mai maimaitawa zai rasa izinin tuƙi, a kai kyamara manyan hanyoyi da mahaɗun birane domin a raba kamu da ciniki a bakin shinge, tunda na'ura ba ta karɓar na goro kuma ba ta san ɗan wane ba. Ƙungiyoyin direbobi, waɗanda ke da iko a tasha fiye da kowane jami'i, suna iya wajabta a gama biyan kuɗi da duba saƙon banki kafin mota ta tashi, a kuma miƙa wayar direba ga yaron mota ko ga wanda ke kujerar gaba har a isa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfinmu.

Kai kuma mai karatu, kana da rabonka tun kafin hukuma ta motsa. In ka san ɗanka ko mijinki ko direbanka yana kan hanya, kada ka aika masa saƙon da ka san zai ƙagu ya buɗe, kuma in ka kira ka ji ƙarar inji, ka ce masa ya kira ka in ya tsaya, ka kashe. In kai ne a kujerar gaba ka ga hannun direba ya nufi aljihu, ka miƙa naka hannun ka ce, "Kawo in duba maka." In ya ƙi, ka ce ya tsaya ka sauka, ka faɗi dalilinka da ƙarfi yadda na baya za su ji.